Komawa Wonderland Bayan Girma: Yaran Jiya Sun Dawo Riƙe da Hannun 'Ya'yansu

Yaron da yake da shekara goma a duniya lokacin da aka buɗe filin wasa na Wonderland a Abuja cikin 2007, yau ya doshi talatin. Wataƙila ya gama hidimar ƙasa ya samu gurbi a wata ma'aikata da ke Sakatariyar Tarayya, ko kuwa yana cikin hadiman da ke bin wani babba da jaka da waya. Da yawa daga cikin tsararrakinsa sun yi aure, wasu har sun ga na fari da na biyu. Idan Sallah ta zo ko Kirsimeti, sukan kama hannun 'ya'yansu su nufi ƙofar da iyayensu suka taɓa shigar da su, a wurin da yanzu ake kira Magicland.

Abuja birni ne matashi. Sai a ranar 12 ga Disamba, 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tare a cikinsa daga Legas, kuma in ban da Gbagyi da sauran al'ummomin da birnin ya tarar a ƙasarsu, kusan duk wanda ya zo a wancan lokaci ya baro yarintarsa a wani gari. Daraktocin yau sun yi wasan ƙasa a Kano, Kaduna, Jos, Inugu ko Ibadan. Sai yanzu ne 'ya'yan da aka haifa wa ma'aikata a Garki, Wuse, Kubwa da Nyanya suka girma har suka samu abin waiwaye a cikin birnin kansa, kuma Wonderland na cikin wurare ƙalilan da akasarinsu suka yi tarayya a kai.

Sai dai komawar ba ta cika zuwa yadda mutum ya zata ba. Wanda ya tafi neman wurin da ya bari yakan tarar ya ƙanƙance a idonsa, kuɗin tikiti ya yi masa nauyi, hankalinsa kuma ya ƙi tsayawa kan nishaɗi, ya koma kan noti da sarƙa da ƙugin janareta. A ranar yake gane cewa abin da ya ɗauka siddabaru ne a da, aikin wasu mutane ne. Wani ya ware fili, wani ya zuba jari, wani ya yi sammako ya shafa giris, wani kuma ya tsuke bakin aljihunsa wata guda domin a kai shi. Yanzu layi ya zo kansa.

Abujar da aka buɗe shi a cikinta

Ƙidayar 2006 ta nuna cewa mutanen Babban Birnin Tarayya gaba ɗaya kimanin miliyan 1.4 ne. Babban filin wasa na ƙasa da ke maƙwabtaka da Wonderland, wanda aka gina domin gasar wasannin Afirka ta 2003 kuma yau yake ɗauke da sunan Moshood Abiola, sabo ne fil a lokacin. Ba a daɗe da hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birni ba. Ba a gina katafaren kantin da ke bakin tafkin Jabi ba tukuna, kuma wayar hannu, wadda ta shigo ƙasar a 2001, ta kira ce da aika saƙo, ba ta kai ga zama abin da yaro zai wuni yana latsawa ba. Wurin da ya tara lilo iri-iri masu aiki da lantarki a waje ɗaya bai da abokin takara da yawa a zuciyar yaro.

Inda aka kafa shi ma ya taimaka. Yana gindin duwatsun Kukwaba, daf da ƙofar shiga birni ga mai tahowa daga hanyar filin jirgin sama. Yaron da iyayensa ke zaune a Lugbe yakan hango ƙarafunsa masu launi ta tagar mota duk lokacin da aka shigo gari, ya yi ta ƙirga watannin da suka rage kafin Sallah.

Ranar kanta kuwa, duk wanda ya yi ta ya san tsarinta. Washegarin Idi, bayan an gama zagayen gaishe-gaishe, a sa sabon ɗinki da tabarau na roba, a dunƙule kuɗin barka da Sallah a tafin hannu har su jiƙe da gumi. A cika motar uba ko a hau bas. A bi dogon layi a ƙofa, a shiga, ƙamshin gugguru ya tari mutum tun kafin ya ga komai. Ga alawar auduga, ga askirim da ke narkewa kafin a kai rabi, ga mai hoto yana zagayawa. Daga nan sai dawakin da ke kewayawa suna hawa da sauka, sai motocin karo, sai lilon jirgin ruwa mai sa hanji ya taru a maƙogwaro, sai babban abin alfahari, wato jirgin dogo mai hawa tudu ya gangaro da gudu, wanda duk yaron da ya hau shi zai shafe zangon karatu guda yana ba da labari. A Kirsimeti da Ista haka abin yake, a Ranar Yara ta 27 ga Mayu kuma makarantu ke kwaso ɗalibai cikin kayan makaranta.

Akwai wani abu da yaran ba su lura da shi ba a lokacin, wanda sai da girma darajarsa ke bayyana. A layin hawa lilo, ɗan babban sakatare da ɗan direbansa wuri ɗaya suke tsayawa. A birnin da unguwa ke bayyana matakin albashin mutum, inda Maitama da Mararaba ba su cika haɗa makaranta ko asibiti ba, wurare irin wannan na cikin 'yan kaɗan da ke haɗa yaransu kafaɗa da kafaɗa.

Akwai ma shekarar da aka wayi gari ƙofar a garƙame. A tsakiyar 2013 jami'an tsaro suka rufe wurin a ci gaba da binciken makaman da aka gano a wani gida a Kano. Sai a ƙarshen Nuwamba na shekarar Babbar Kotun Tarayya ta wanke ɗaya daga cikin masu wurin daga tuhumar da aka yi masa, ta kuma ba da umarnin a buɗe. Manya sun bi labarin a jarida a matsayin batun tsaro. Yara kuwa abin da suka sani shi ne bana ba a je ba.

Me ya sa komai ya ƙanƙance?

Abu na farko da mai komawa ke faɗa wa kansa shi ne an rage wurin. Galibi ba a rage komai ba. Yaro ɗan shekara shida tsayinsa bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, saboda haka duk abin da ya gani a wurin ɗaga kai ya yi ya gan shi. Ƙwaƙwalwarsa ta ajiye ƙofa da katanga da tudun jirgi bisa ma'aunin jikin da ya kalle su da shi. Idan ya dawo da tsayin babba, dutsen da ya taɓa zaton yana taɓa gajimare sai ya koma tsauni madaidaici, tafiyar da ya ɗauka ta rabin wuni ce daga ƙofa zuwa ƙarshen fili sai ta zama ta 'yan mintuna.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nuna cewa tunawa ba kamar kunna faifan bidiyo take ba. Duk lokacin da mutum ya tuna wani abu, sake gina shi yake yi, yana cike giɓi da labarin da aka ba shi a gida da hotunan da ya gani a albam. A cikin wannan gini da sake gini, zafin rana da tsawon layi da kukan ƙanin da ya ɓata a cikin taro duk sukan zube, a bar mutum da minti biyun da ya yi a sama yana ihu. Lokaci ma ba tsayi ɗaya yake da shi ga yaro da babba ba. Shekara guda kashi ɗaya cikin goma ce na rayuwar ɗan shekara goma, shi ya sa jiran Sallah ke yi masa kamar ba zai ƙare ba, kuma abin da aka daɗe ana jira daɗinsa ninkuwa yake yi.

A 1688 wani ɗalibin likitanci a birnin Basel mai suna Johannes Hofer ya rubuta cewa kewar gida cuta ce da ke kwantar da mutum. Likitocin yau ba su ƙara lissafa ta cikin cututtuka ba, amma Bahaushe ya riga ya san illar da ke tattare da yawan bege, shi ya sa ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Haɗarin da ke gaban uban da ya koma shi ne ya wuni yana kwatanta yau da jiya a gaban ɗansa, yana cewa da can ya fi kyau, da can ya fi tsafta, har ya dusashe wa yaron ranar da shi a wurinsa babu kamarta. Yaron bai san 2007 ba. A idonsa tudun nan har yanzu yana taɓa gajimare.

Abin da ya fi ƙanƙancewar wuri taɓa zuciya shi ne gurbin mutanen da babu su. Uban da ya biya kuɗin tikiti a wancan lokaci wataƙila ya cika shekara 35 yana aiki ko ya kai 60 da haihuwa, ya yi ritaya ya koma gida, wani ma ya riga mu gidan gaskiya. Yara da yawa sun tashi da zaton iyayensu ba sa son wasa, domin kullum a kan benci suke ganinsu, riƙe da takalma da gorar ruwa da jakar uwa. Sai ga shi mutum ya tsinci kansa a kan irin wannan benci, riƙe da irin waɗannan takalma, idonsa na bin kai ɗaya tak a cikin kawuna ɗari da ke juyawa a sama.

Abin da yaro ba ya gani

Daga kan bencin ne ake fara ganin injin da ke bayan nishaɗin. Jirgin da ke hawa tudu ya gangaro, galibi ba shi da inji a jikinsa. Sarƙa ce ke jan shi zuwa ƙololuwar tudun farko, kuma ƙarar ƙas-ƙas da ake ji lokacin hawan ta wani haƙorin ƙarfe ce da ke hana shi komawa da baya idan sarƙar ta tsinke ko wuta ta ɗauke. Da ya tsallake ƙololuwa, nauyinsa ne kaɗai ke tafiyar da shi har ƙarshe, shi ya sa kowane tudu na gaba bai kai na farko tsayi ba. Tayoyinsa iri uku ne: na saman dogo, na gefe, da na ƙasa waɗanda ke riƙe shi kada ya tashi sama, dabarar da wani Ba'amurke mai suna John Miller ya yi wa rajista a 1919. Lilon jirgin ruwa kuwa wata taya ce da ke ƙasa take gogar cikinsa tana ƙara masa ƙaimi duk lokacin da ya wuce. Motocin karo na gargajiya suna jan wuta ne ta sandar da ke gogar ragar ƙarfe a rufi, wutar ta koma ta daɓen ƙarfen da suke tafiya a kai.

Duk waɗannan ƙarafa gajiya suke yi. Ƙarfen da ake lanƙwasawa a sake shi sau dubbai yakan fara tsagewa siririya wadda ido ba ya gani, sai da na'ura. Saboda haka ƙa'idojin da ƙasashe ke bi, irin su EN 13814 na Turai, suka tanadi a duba kowane lilo kafin a buɗe wa jama'a a kowace rana, a gwada shi babu kowa a ciki, a rubuta abin da aka gani a littafi, sannan lokaci-lokaci a kawo ƙwararre daga waje ya yi binciken ƙwaƙwaf. Yanayin Abuja kuma ba ya sassauta wa inji. Ƙurar hunturu tana shiga gaɓoɓinsa ta cinye giris, damina mai tsawo ta zo da tsatsa, ga sauyin wuta tsakanin ta kamfani da ta janareta sau da yawa a wuni.

Uba ko uwa ba sai sun zama injiniyoyi ba kafin su yi abin da ke wuyansu. Suna iya duba ko sandar da ke riƙe cinyar yaro ta kulle sosai, ko mai kula da injin yana kan aikinsa ko hankalinsa na kan waya, ko akwai wurin ba da agajin gaggawa. Suna da ikon tambayar yaushe aka duba lilon, kuma wurin da ke mutunta kansa ba zai ji haushin tambayar ba. Akwai kuma ɗabi'ar da ya kamata a baro a ofis. Idan ma'aikacin wurin ya ce tsayin yaro bai kai a ɗora shi ba, ba raini ba ne. An ƙera sandar ne daidai da jiki mai wani girma, wanda bai kai ba yana iya zamewa ta ƙarƙashinta. Nuna katin aiki ko ambaton sunan maigida na iya sa ƙaramin ma'aikaci ya ji tsoro ya kauce, amma ba zai ƙara wa yaron ko taƙi ɗaya ba.

Lissafin aljihu

Wanda ya koma da 'ya'yansa yakan yi wani lissafi da bai taɓa yi ba. A farkon 2007 mafi ƙarancin albashin ma'aikacin tarayya naira 7,500 ne, litar fetur naira 65, dala kuma wajen naira 128. Wato albashin na sayen lita 115 na fetur. An ɗaga shi zuwa 18,000 a 2011, zuwa 30,000 a 2019, sannan zuwa 70,000 a watan Yulin 2024. Amma bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa, lita ta haura naira 1,000 a Abuja kafin ƙarshen 2024, dala kuma ta wuce 1,500. A wannan farashi, sabon albashin bai kai lita 70 ba. Adadin kuɗin ya ninka fiye da sau tara, abin da yake saye ya ragu.

Tafiyar kanta ta ƙara tsawo. Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati a shekarun da suka biyo baya, ƙananan ma'aikata da yawa sun koma Kubwa, Karu, Gwagwalada, Suleja da Mararaba. Kafin iyali su iso ƙofa, kuɗin mota ya riga ya ci wani kaso. A ƙofa a biya na shiga, a ciki a biya na hawa, ga ciye-ciye, kuma a lokacin Sallah ba 'ya'yan mutum kaɗai ake kaiwa ba, har da na 'yan'uwa da na maƙwabta da suka maƙale a mota. A nan ne mutum ke fahimtar dalilin da ya sa mahaifinsa yakan yanke wa kowa hawa biyu ko uku, ya kuma daure fuska idan an nemi ƙari. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Masu gudanar da irin waɗannan wurare su ma a matse suke. Injinan da kayan gyaransu daga waje ake sayo su da dala. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin lantarki ga masu rukunin farko daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, ga tsadar dizal. Idan suka ƙara kuɗin tikiti, ɗan masinja da ɗan direba ne za su fara ɓacewa daga layi. Idan ba su ƙara ba, abin da ake fara ragewa shi ne gyaran da ba a gani, wanda kuma shi ne ya fi hatsari a rage. Ta kowace fuska, layin nan da ya taɓa haɗa yaran Maitama da na Mararaba shi ke cikin barazana.

Waɗanda yarintarsu ke wani gari

Ga manyan ma'aikatan da suka girmi Wonderland, komawar takan faru ne idan an je gida hutu. Bakano yakan kai jikokinsa Gidan Zoo da aka buɗe a 1972 zamanin Gwamna Audu Bako, inda har yau ranakun Sallah ba masaka tsinke. A da gefen gari yake, yanzu birni ya haɗiye shi, titin da ke gabansa ya zama ɗaya daga cikin mafi hada-hada a Kano, har gwamnatin Abdullahi Ganduje ta taɓa bayyana niyyar mayar da shi yankin Tiga. Wanda kuma ya tuna hutun ƙarshen mako a otal ɗin tafkin Bagauda, idan ya koma yau ɗaliban lauya zai tarar, domin wurin ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya.

Ɗan Kaduna yana da Ƙofar Gamji a bakin kogi, wurin da ke ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, inda yara suka yi ta guje-guje a kan wata ƙaramar gadar ƙarfe ba tare da sanin cewa Lugga ne ya gina ta a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta zuwa Kaduna ba. Ɗan Jos yana da gandun namun dajin da aka kafa a 1972 zamanin Joseph Gomwalk. Ɗan Maiduguri kuwa komawarsa ta fi ta kowa ɗaci. A watan Satumban 2024, ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau ta mamaye gidan namun daji na Sanda Kyarimi, hukumomin wurin suka ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu. Su kuma 'ya'yan ma'aikatan da suka tashi a Legas kafin ƙaura, bakin tekun Bar Beach da suka sani babu shi, an cike shi da yashi an kafa Eko Atlantic a kansa.

Akasarin wuraren Arewa da aka lissafa gwamnatocin jihohi ne suka gina su a farkon shekarun 1970, lokacin da ake ganin wurin hutun iyali na cikin abubuwan da hukuma ke bin jama'a bashi, kamar famfo da asibiti. Waɗanda suka rayu, sun rayu ne saboda an ci gaba da ware musu kuɗi da ma'aikata. Idan aka kwatanta da su, mai komawa Magicland yana cikin masu sa'a, domin ya tarar da ƙofa a buɗe.

Fili, fayil da sa hannu

Waɗanda suka tsara Abuja sun yi tunanin yara. Bayan Dokar Soja mai lamba 6 ta 1976 da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa birnin da ita, taswirar asali da aka kammala a 1979 ta bar duwatsu da bakin rafuffuka a matsayin korayen wurare, ta kuma tanadi filin shaƙatawa a cikin unguwanni, yadda yaro zai taka da ƙafa ya je. Lambun Millennium da ke Maitama, mai faɗin hekta 32, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a ranar 4 ga Disamba, 2003, da gidan namun daji na yara da ke gindin Dutsen Aso, suna cikin abin da ya tabbata daga wannan tunani.

Sauran labarin kuwa mazauna birnin sun san shi. Filaye da dama da aka ba 'yan kasuwa haya domin su raya su a matsayin wuraren hutu sun rikiɗe sun zama mashaya da wuraren gasa kifi da zaurukan biki, inda ba mai kai yaro. Wasu an sauya musu manufa a takarda an yi gini a kansu. Rusau ɗin da aka yi zamanin Nasir El-Rufai, tsakanin 2003 da 2007, ya ƙwato wasu, amma matsin lambar bai taɓa tsayawa ba, domin fili a tsakiyar Abuja ya fi lilo kawo kuɗi nesa ba kusa ba. A garuruwan kewaye kuma, inda mafi yawan yaran ma'aikata suke, da wuya a samu filin wasan jama'a ko ɗaya, sai titi da kangon gini.

Doka ba ta ɗauki wasa da wasa ba. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya ambaci hutu da wasa a cikin haƙƙoƙin yaro, haka ma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 wadda ke aiki kai-tsaye a Babban Birnin Tarayya. A watan Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Umarnin Zartarwa mai lamba 11 kan kula da gine-ginen gwamnati, abin da ke nuna hukuma da kanta ta san inda ciwon yake: ana samun kuɗin gini da bikin yanke ƙyalle, amma kuɗin fenti da giris da albashin mai shara su ake fara tsallakewa idan kasafi ya matse.

A Abuja, ba kamar jihohi ba, ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya take, Ministan Birnin ke rabawa a madadin Shugaban Ƙasa. Ma'ana, duk filin wasan da ya tsira da duk wanda ya salwanta, fayil ɗinsa ya bi ta teburin wani ma'aikaci. Wani ya rubuta shawara a gefen takarda, wani ya tsara wasiƙar amincewa, wani hadimi ya shigar da ita wurin maigida a lokacin da ya san za a sa hannu, ko ya ja hankalinsa ga abin da taswira ta ce. Mafi yawan masu yin wannan aiki ba su taɓa haɗa shi da ranar da aka ɗora su a kan dokin roba ba, alhali abu ɗaya ne. Lilon da suka hau ya samu wurin tsayawa ne saboda wani jami'i da ba su san sunansa ba ya bar filin yadda aka tsara shi.

Yarinyar da aka ɗora a kan dokin nan a Sallar bana tana da shekara shida, za ta kai talatin bayan shekara ashirin da huɗu. A lokacin mahaifinta ya kusa ritaya ko ya riga ya yi, kuma ita ma za ta so ta nuna wa nata 'ya'yan inda ta yi ihu a sama. Ba za ta tuna nawa aka biya a ƙofa ba, ba za ta san sau nawa aka canja sarƙa ba. Za ta tarar wurin ya ƙanƙance, wannan babu makawa. Ko za ta tarar da shi ma, amsar tana cikin fayilolin da ke jiran mahaifinta da abokan aikinsa ranar Litinin.